Yaya Tinubu ya ci zaɓe bai kai rabin ƙuri'u ba?

Ɗan Fagge: Jama'a, lissafin nan ya ɗaure mini kai. A 2023 na tsaya a rumfarmu har dare, a gabanmu aka ƙirga ƙuri'u ɗaya bayan ɗaya. To yaya mai kashi 36 ya zama shugaban ƙasa?

Malamin Firamare: Ƙanena, a Najeriya ba rabi ake nema ba. Ka fi kowa yawan ƙuri'u, sannan ka samu kashi 25 cikin 100 a jihohi 24 aƙalla. Tinubu miliyan 8.79, Atiku 6.98.

Badamagare: Mu a Nijar kafin juyin mulkin 2023 sai ka haura kashi 50. Shi ya sa Bazoum da Mahamane Ousmane suka je zagaye na biyu a 2021.

Uwar Biyu: To Abuja fa, Malam, ba dole sai an samu kashi 25 a can ba? Ai Obi ne ya lashe ta.

Malamin Firamare: Hajiya, Kotun Ƙoli ta ce ita ma kamar sauran jihohi take.