An ce ɗana asma gare shi: waɗanda suka riga ni shiga wannan hali, ku ba mu labari

Maman Sadiq, Kano

Assalamu alaikum iyaye. Sadiq shekararsa huɗu. Tun hunturun bara yake tari cikin dare, ya fi tsanani gab da asuba, wani lokaci ƙirjinsa har fito yake yi. Da rana garau, sai in ya yi guje-guje. Maganin tari da antibayotik babu irin wanda bai sha ba. Yanzu likitar yara ta ce alamun sun fi kama da asma, ta rubuta inhela biyu, wato maganin shaƙa, shuɗiya da mai ruwan ƙasa, ta ce a yi wata uku a dawo. Hoton ƙirji kawai aka ɗauka. Hajiyarmu, mahaifiyar maigidan, ta ce kada a kuskura a fara shaƙa masa, wai in yaro ya saba shi ke nan har tsufa. Maigidan ya rasa bayan wa zai bi. Ta yaya aka gano na yaranku? Kuma da gaske sabo ake yi da ita?

Baban Ummi, Zariya

Wa alaikumus salam. Maman Sadiq, likitarku ba ta yi ha'inci ba don ba ta sa an yi gwaji ba. Gwajin asma na hura iska ne, yaro ya cika ƙirji ya hura da iya ƙarfinsa cikin na'ura, a shaƙa masa shuɗiyar, a jira kamar minti 15, ya sake hurawa. In iskar da ya fitar ta ƙaru da fiye da kashi 12 cikin 100, to hanyar numfashin a tsuke take kuma maganin ya buɗe ta. Ɗan shekara huɗu ba ya iya wannan hurawar yadda ake so, sai ya kai biyar ko shida. Ummi tana da bakwai aka yi mata a asibitin koyarwa na Shika. A ƙasa da haka, labarin da uwa ta bayar shi ne rabin gwajin, sauran rabin kuma a ba da maganin wata biyu ko uku a gani. In ya samu sauƙi, aka tsayar ciwon ya dawo, an gane.

Maganar sabo kuma, ga yadda aka fahimtar da ni. Shuɗiyar, salbutamol ke nan, sassauta tsokokin da suka shaƙe hanyar iska kawai take yi, na wasu awanni. Ba ta taɓa kumburin da ke ciki. Mai ruwan ƙasar ita ke maganin kumburin, a hankali, shi ya sa ake shaƙarta kullum ko yaro yana lafiya lau. Yaran da za ki ga kullum shuɗiya na hannunsu har a ce sun saba, yawanci waɗanda ba a ba su ta biyun ba ne, ko iyaye suka ajiye ta da suka ga sauƙi. Ummi yanzu sai ta yi watanni ba ta nemi shuɗiyar ba.

Hajiya Falmata, Maiduguri

'Yata, ni abin da zan faɗa miki ba zai yi wa mata daɗi ba. Sana'ata turaren wuta da humra, a kansu na aurar da 'ya'ya. Jikana da nake riƙo kullum muna hanyar asibiti, a sa masa injin tururi mu dawo, kwana kaɗan mu koma. Wani likita dattijo ya tambaye ni me ake ƙonawa a gidan. Na ce babu. Ya ce Hajiya, ai tun daga ƙofa na ji ƙamshin. Muka yi dariya, amma ya ce da gaske yake.

Na mayar da haɗin gidan ƙanwata, kasko ya daina shiga ɗaki. In zan turara kaya sai a tsakar gida yana makaranta. Maganin sauro na kunnawa ma muka bari, muka koma gidan sauro. Ban ce ya warke ba, yana kan inhelarsa, amma kwanan zaune ya ƙare. Kuma ki lallaɓa Hajiyarku, tsoro ne da ƙauna. Ki tafi da ita ranar komawa asibiti, ta ji da kunnenta, ya fi ki tsaya gardama da uwar miji.

Sista Hauwa, ma'aikaciyar jinya a sashen yara

Zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri. Abin da na fi gani a wurin aiki ba rashin magani ba ne, rashin iya shaƙa shi ne. Uwa ta buɗe bakin yaro ta fesa, maganin ya tsaya a harshe da maƙogwaro, a ce inhela ba ta aiki. Ƙaramin yaro ba ya iya haɗa dannawa da jan numfashi lokaci ɗaya. Dole sai da sifesa, robar nan da ake maƙala inhela a bayanta, ga ƙanana kuma mai marfin da ke rufe hanci da baki. A girgiza inhelar, a danna sau ɗaya, yaro ya yi numfashi biyar ko shida a ciki, sannan a sake girgizawa in akwai fesa ta biyu. Kada a danna biyu a jere. In an wanke sifesa da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, ba a goge cikinta da tsumma.

Wanda bai samu sifesa ba, robar lemo mai cin mililita 500 tana yi. A huda gindinta daidai bakin inhelar yadda iska ba za ta zurare ba, yaro ya kama bakin robar. Ba dabarar ƙauye ba ce, Farfesa Heather Zar da abokan aikinta sun gwada ta a kan yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu, aka buga sakamakon a 1999, ta yi aiki daidai da ta kanti.

Bayan mai ruwan ƙasa a kuskure baki a zubar, a goge fuska, saboda farin ƙurajen baki. Masu tsoron sitiroyid: wanda ke cikin inhela mai ruwan ƙasa kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da ƙwayar firedinisolon da ake ba yaro duk sanda ciwon ya tashi. Abin da bincike ya nuna shi ne tana iya rage tsawon yaro da kamar santimita ɗaya. Ni dai a wurina wannan ba abin a tsaya ciniki ba ne.

Ga abin da ba a jira gari ya waye a kansa: yaro ya kasa ƙarasa magana ko shan nono, fatar tsakanin haƙarƙari da ramin wuya tana lotsawa, leɓe ko harshe ya sauya launi, ko ya yi laushi yana gyangyaɗi. Fiton ya ɗauke alhali yana wahala ma ba sauƙi ba ne, iska ce ta daina wucewa. A zaunar da shi, kada a kwantar, a ba shi shuɗiya ta sifesa fesa ɗaya-ɗaya, ana iya kaiwa goma, kuna kan hanyar asibiti. Ku sa likitanku ya rubuta muku adadin yaronku a takarda ku manna a bango.

Abu Fatima

Ni fa ina ganin mun cika dogaro da kayan Bature. Tawa zuma da man habbatus sauda nake ba ta, kuma alhamdu lillahi. Asma ai ba kisa take ba, wahalarwa ce.

Baban Ummi, Zariya

Malam Abu Fatima, Allah ya ƙara mata lafiya, amma maganarka ta ƙarshe a gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke da asma a 2019, kuma ta kashe 455,000 a shekarar, akasarinsu a ƙasashe irin namu inda inhela ke wuyar samu. Mu ma muna shan zuma a gida, ba ta hana inhela zama a jaka ba.

Sista Hauwa

Ƙari kaɗan. Jaririn da bai cika shekara ba, ba a ba shi zuma sam. Sannan ku yi hattara da haɗin da ake sayarwa a jarka ba suna ba komai, wanda ake cewa sha ɗaya asma ta tafi. Mun karɓi yara fuska ta yi suntum, ciki ya fito, irin kamannin wanda ya daɗe yana shan sitiroyid ba bisa ƙa'ida ba, in ka bincika sai a fito da jarkar.

Maman Iman, Kaduna

Mu namu ya haɗa da alaji. Iman tun tana jaririya take da bushewar fata mai ƙaiƙayi a kumatu da bayan gwiwa, daga baya atishawa da yoyon hanci kowace safiya, sai ido. Farin idonta ya koma ruwan ƙasa, tana murza shi har barci. Mutane suka ce rana ce, wasu suka ce afolo. A asibitin ido na nan Kaduna aka ce alajin ido ne da ke yawan kama yara a ƙasashe masu zafi da ƙura, kuma aka ja mana kunne sosai kan ɗigon ido mai sitiroyid da ake saye a kemis ba takarda. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa iyaye ke son sa, amma in aka daɗe a kai yana kawo hawan jinin ido da yanar ido. Asmar ta bayyana ne daga baya, likita ya ce dama 'yan gida ɗaya ne, kuma in aka bar hanci a toshe ƙirjin ma ba ya zama lafiya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne jerin hane-hanen da dangi ke kawowa. Kada ta ci ayaba, kada ta sha madara, ban da kifi, ban da ƙwai, ban da kuɓewa. Da na bi, da yarinyar ta ƙare a tuwo da gishiri. Abu ɗaya ne tak aka tabbatar: gyaɗa. Ta ci ƙuli-ƙuli, cikin mintuna borin jini ya feso, leɓe ya kumbura, murya ta dishe. Ranar allurar adirenalin aka yi mata a cinya, kuma aka ce mana in kumburi ya haɗa da numfashi, Piriton ba zai tare shi ba, asibiti kawai. Alajin abinci na gaske yawanci da sauri yake zuwa, kuma duk sanda aka ci sai ya zo. Yanzu ko yajin tsire ba ta taɓawa, malaman makarantarsu duk sun sani.

Malam Issoufou, Maraɗi

Tun da an ambaci gyaɗa, ku bar ni in sa baki. Ɗan ƙanena yana da shekara biyu, tari da fito suka same shi rana ɗaya, ba mura ba zazzaɓi. Aka yi ta magani a kan asma ce, ba canji. Wani lokotoro ya sa abin awo ya ce gefe ɗaya ne kawai ke kuka, ya tambaya ko ya taɓa ƙwarewa. Sai uwar ta tuna ranar da ya sarƙe yana cin gyaɗa. Ɓarin gyaɗa ne ya faɗa hanyar iska, sai da aka kai shi Yamai aka ciro. Ba duk fito ne asma ba. Haka in tari ya wuce mako biyu da rama da zufan dare, a nemi awon tarin fuka kafin komai.

Maman Sadiq, Kano

Na gode ƙwarai. Sadiq ba ya rama, kuma babansa ma ya yi irin wannan tarin yana yaro, Hajiya da kanta ta faɗa. Hajiya Falmata, na ɗauki shawararki. Amma akwai tattabaru a gidan da kafet a ɗakin yara, su ma sai sun tafi?

Yaya Bash, Jos

Ni da asma na tashi, yanzu ɗana ya gada. Kafet ki naɗe shi, leda ko tayil sun fi, a riƙa gogewa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Tattabaru a nisanta su da tagar ɗakin kwana ki gani ko da bambanci. Kyankyasai kuma a yaƙe su da tsafta da toshe ramuka, in za a yi feshi yaro ya bar gidan. Janareta ma a duba inda hayaƙinsa ke bi.

Roƙona ga masu 'ya'ya a makarantar kwana: shuɗiyar ta zauna a aljihun yaro. A zamaninmu a ofis ake kulle ta, ciwo ya tashi ƙarfe biyun dare mai makulli yana gidansa. Ku nemi a cire shi daga sharar safe lokacin hunturu. Ƙwallo kuwa kada a hana shi, in asmar na kwance zai buga kamar kowa.

Wani abu kuma, an taɓa ƙara wa ɗana montelukas, ƙwayar da ake taunawa da dare. Sai mugayen mafarkai da saurin fushi. Da muka koma likita ya ce sananne ne, hukumar magunguna ta Amurka ma ta sa gargaɗi mai ƙarfi a kansa a 2020, ya canza masa. Yara da yawa suna sha lafiya, amma a sa ido.

Maman Khairat, Katsina

Ni tsada ce matsalata. Tun 2023 da naira ta faɗi kuɗin inhela ya ninka, har nakan yi tunanin komawa salbutamol na sha. Kuma ta yaya ake gane ta ƙare? Tawa tana fesawa amma kamar ba ta aiki.

Sista Hauwa

Maman Khairat, na sha ya fi jinkirin aiki, ya fi sa rawar hannu da bugun zuciya, ki bar shi. Ki tambayi mai kemis salbutamol inhela ta wani kamfanin, ba lallai Ventolin ba, maganin ɗaya ne, ki dai duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In kuma Khairat tana buƙatar shuɗiya fiye da sau biyu a mako, a koma wurin likita a duba inhelar kullum ɗin, nan kuɗin ke zurarewa.

Ƙarewa kuwa, gwangwanin yana ci gaba da fesa iska bayan maganin ya ƙare, kuma jefa shi a ruwa don a ga ko zai taso ba abin dogaro ba ne. Yawancin shuɗiya fesa 200 ce, an rubuta a jiki. Mai ruwan ƙasa lissafinta da sauƙi: in fesa 200 ce kuma ana yin biyu safe biyu yamma, kwana 50 ke nan, ki rubuta ranar da kika buɗe a jikin kwalin. Shuɗiyar kuma ki riƙa jan layi a kwali duk fesawa.