Rezista Nawa Allon Lamba Mai Sassa Bakwai Yake Buƙata?

Shawarar da aka fi rinjaya a kanta ita ce kowane sashe na allon, wanda ƙaramar fitila ce ta LED, ya sami rezistarsa mai rage masa ƙarfin wuta, wato bakwai, ko takwas idan an haɗa da ɗigon da ke gefen lambar. Masu son rage kuɗi kan sa guda ɗaya tal a ƙafar da sassan suka haɗu. Allon zai kama, amma haskensa ba zai tsaya ɗaya ba: lamba 1 sassa biyu take kunnawa, sai ta yi ƙyalli, lamba 8 kuwa ta raba wutar gida bakwai, ta dusashe. A ganina wannan tsimin bai kai ciwon kansa ba.

Lissafin ba wuya. Jan LED yana cin kusan volt 2. Cire shi daga volt 5 da ake ba allon, saura 3. Raba da miliamfa 10, wato wutar da ake so ta bi ta sashen, ka sami ohm 300, sai ka ɗauki 330 da ake samu a kasuwa.

An ja kunnen masu Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfuta da ake sarrafa na'urori da shi, kada ƙafa ɗaya ta wuce miliamfa 20. Idan lambobin suna da yawa, a sa taransista, wato makunnin lantarki, a ƙafar haɗin, ko a koma ga MAX7219, guntun lantarki mai sarrafa irin wannan allo, wanda rezista ɗaya ke daidaita masa wutar lambobi har takwas.