Shin layin dogo ne ya sa Kano ta zarce Katsina?

Ɗan Ƙofar Soro ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tarihi ya nuna cewa a ƙarni na 18 Katsina ce babban masaukin ayarin da ke ratso Sahara, amma a yau harkar kasuwancinta ba ta kama ƙafar ta Kano ba. Shin jirgin ƙasa, wanda ya isa Kano bai biyo ta Katsina ba, shi ne sanadin wannan rata?

Malamin Tarihi ya amsa:

Wa alaikumus salam. Kano ta riga ta sha gaban Katsina tun bayan jihadi, domin yaƙe-yaƙe da Katsinawan Maraɗi sun sa fatake da yawa sun kwashe jarinsu sun koma Kano. Abin da layin dogo ya yi, da ya iso a 1911 aka buɗe shi a 1912, shi ne ya juya akalar dukiyar. Kayan da a da raƙumi ke shafe watanni kafin ya kai Tarabulus, sai ga tarago yana kai su Ikko cikin 'yan kwanaki. Turawa sun sa ran auduga za a yi ta lodi, amma manoman Kano suka zaɓi gyaɗa, saboda ta fi tsada, kuma ko kasuwa ta faɗi ana iya ci. Nan da nan fataken goro irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda suka goge a hanyar Gwanja, wato kasuwar goro ta ƙasar Ghana ta yau, suka baza yaransu ƙauyuka da sikeli da buhuna. Ita kanta dalar gyaɗa shaida ce a kan sufuri: a wancan zamani ana jibge buhunan ne a bakin layi saboda taragun ba sa iya kwashe amfanin kaka ɗaya a lokaci guda.

Bafagge ya amsa:

Malam ya yi gaskiya, kuma a duba inda aka kafa tashar. A wajen ganuwa take, ta gabas, shi ya sa kantunan kamfanoni, da Sabon Gari inda ma'aikata daga kudu suka sauka, da masana'antun Bompai daga baya, duk suka tsiro a wannan ɓangaren, kasuwar Kurmi kuwa ta rasa matsayinta na cibiya. Kaduna ma, da ta karɓi hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917, layin dogo ne ya raine ta.

Ɗiyar Maraɗi ta amsa:

Ku yi mini uzuri, ina ganin kun manta da kwalta. Yau tirela ce ke kai gero da wake kasuwar Dawanau, ita ke ɗauko shanu daga wajenmu ta Jibiya, kuma da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a 2019 kowa ya ji a jikinsa. Layin Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 zai ratsa Daura da Katsina, to amma idan ba a tanadi rumbuna da wuraren lodi a waɗannan garuruwa ba, ina fargabar jirgin zai riƙa wucewa ne kawai da kayan zuwa Kano.