"Ba a fafe gora ranar tafiya" ko "Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe": wacce ta hau kan mai shirin jarrabawa?

Maman Halifa:
Salamu alaikum 'yan zaure. Gardama ce ta haɗa ni da ƙanena jiya da daddare. Zai zauna JAMB, jarrabawar shiga jami'a, saura wata biyu da 'yan kwanaki, amma littattafansa na ƙarƙashin katifa suna shan ƙura. Na ce masa ba a fafe gora ranar tafiya. Yaron nan ko kunya babu ya ce, "Yaya, ai da zafi-zafi ake dukan ƙarfe." Wai in ya fara tun yanzu, kafin ranar duk ya zube, gara ya bari sai saura mako guda ya haɗiye komai ya shiga da shi da ɗuminsa. Na rasa ta cewa, don ni ma abin da na karanta watan jiya ban san inda ya shiga ba. To wace ce ta hau, tawa ko tasa?

Ɗan Kurmi:
Hajiya, ki ƙyale yaro, ya san abin da yake yi. Ni shekara huɗu na yi a jami'a da karatun kwanan aji. Goro a baki, ƙafa cikin bokitin ruwa, sai an kira assalatu. Ban taɓa maimaita kwas ba.

Baba Na-Gona:
Wa alaikumus salam. 'Yata, yawancin masu faɗin wannan magana yanzu ba su taɓa ganin an fafe gora ba, shi ya sa suke ɗaukarta a matsayin "ka fara da wuri" kawai. Bari in gaya miki yadda ake yi. In duma ya ƙosa ya bushe, sai a yanke bakinsa, a zuba tsakuwa a girgiza har totuwa da 'ya'yan su fito. Wannan aikin hantsi guda ne, ko ranar tafiyar kana iya yinsa. Abin da ba ka iya yi a ranar shi ne fitar da ɗacin. Sai ka cika shi da ruwa ka ajiye ya kwana, ka zubar, ka sake cikawa, ka sake barinsa. Haka za ka yi ta yi kwana da kwanaki. Ko ka ɗauraye shi sau ashirin a wuni ɗaya, in ka kai tsakiyar daji ka kafa kai, ruwan ɗaci za ka sha. Kwanan da yake yi tsakanin zubi da zubi shi ke aikin, ba yawan girgizar ba.

Maman Halifa:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ni duk zatona wahalar yankan ce ake nufi.

Mai Tsinin Baki:
Baba, a gafarce ni, amma ina ganin an ja maganar an kai ta inda ba ta je ba. Bahaushe shiri kawai yake nufi: ɗinkin sallah, kayan aure, guzuri. Ban taɓa jin tsoho ya fassara ta da cewa a riƙa hutawa tsakanin aiki ba.

Baba Na-Gona:
Ɗana, wanda ya fara faɗinta bai buƙaci fassara ba, don kowa a gidansu ya san gora. Kuma ka lura, bai ce ba a ɗaure kaya ranar tafiya ba, don ana ɗaurewa. Gora ya zaɓa.

Malama Asabe ta Kimiyya:
Baba ya faɗi abin da nake fama da 'yan ajina a kai, sai dai ni ban da gora a hannu. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, yana auna yadda suke zubewa. Ya ga mantuwa ta fi gudu a sa'o'in farko, daga baya ta rage sauri. Wannan shi ne abin da ƙanenki ya lura da shi, kuma bai yi ƙarya ba. Abin da bai sani ba shi ne ɗaya rabin: Ebbinghaus ya ga bita 38 da aka raba cikin kwana uku ta yi aikin da bita 68 ta yi a zama ɗaya. Wato mai rabawa ya yi kusan rabin wahalar, ya samu abu ɗaya.

Abin da ya zube ɗin ma bai tafi gaba ɗaya ba. In ka koma masa ya fi saurin dawowa, kuma kowace komawa tana ƙara masa daɗewa kafin ya sake gudu.

Ɗan Kurmi:
To Malama, ni da na ci fa?

Malama Asabe ta Kimiyya:
Ka ci, ba musu. Faɗa mana abu uku daga kwas ɗin da ka fi samun maki a aji biyu.

Ɗan Kurmi:
Na tuna sunan malamin da kalar motarsa.

Gardin Gabas:
Ikon Allah, sai an ce Bature ya auna sannan ake sauraro. Mu a tsangaya da wannan muka tashi. Ba a wanke allo sai ka biya wa malam ba tare da dubawa ba. Kuma sabon karatu bai taɓa hana tilawar baya ba, kullum da rabonta, musamman da asuba da kuma dare a bakin wuta. Izu sittin ba a riƙe su da kwanan zaune. Hadisi ya zo a Buhari da Muslim cewa a riƙa bibiyar Alƙur'ani, don ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa.

Amma abin da nake so in ja hankali a kai shi ne satu. Gardi zai rubuta allonsa da ka, babu Mushafi a gabansa, sannan ya kai darasu a duba. A nan ake gane na gaske. Kana iya jin aya tana gudu a bakinka kamar ruwa, sai ka ɗauki alƙalami ka tsaya cak, ka rasa wawu ne a nan ko fa'un. Kuskuren da aka kama maka a gaban jama'a kuwa, har ka tsufa ba ka ƙara yinsa.

Malama Asabe ta Kimiyya:
Malam Gardi, ka taɓo babbar. A 2006 Roediger da Karpicke a Amurka sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta maimaita karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya kawai, sannan aka karɓe takardar aka sa su rubuta abin da suka tuna, har sau uku. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda abin ya juye: masu rubutawa da ka sun riƙe kashi 61 cikin 100, masu maimaitawa kashi 40. Abin dariyar, masu maimaitawar su suka fi yarda da kansu cewa za su tuna.

Wannan shi ke cutar yaranmu. Yaro ya kalli shafi sau biyar, idonsa ya saba da shi, sai ya ɗauka ya iya. Ya ja layi da jan biro har littafin ya koma kamar an yanka kaza a kai. Ka rufe littafin ka ce faɗa min, sai kame-kame.

Mai Tsinin Baki:
Na sauko kaɗan a kan gora, ban sauko duka ba. Amma yaron ma ku yi masa adalci, tasa maganar ba ta faɗi ƙasa ba, wurin da ya ɗora ta ne ba daidai ba. Ku je maƙera ku gani. Maƙeri ba ya ƙera fartanya da zafi ɗaya. Ya sa a wuta, ya fitar ya doka, ya huce, ya mayar a zuga, ya sake doka. Zafin karatu ba daren jarrabawa ba ne, ranar da aka koyar da kai ne. In an yi darasi da safe, kafin ka kwanta ka rufe littafi ka gwada faɗo shi, lokacin yana ja wur.

Baba Na-Gona:
Yanzu kai ma ka ja taka ka kai ta inda ba ta je ba.

Mai Tsinin Baki:
A wurinka na koya, Baba.

Maman Halifa:
To a aikace me zan ce masa? Wa'azi ba ya shigarsa.

Malama Asabe ta Kimiyya:
Kada ki ce ya zauna awa shida, ba zai yi ba. JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku. Ki samo masa tambayoyin shekarun baya. Kullum ya amsa ashirin ba tare da leƙa amsa ba, sannan ya duba. Duk wadda ya faɗi, ya rubuta tambayar a 'yar takarda, amsar a bayanta. Ya nemo gwangwani uku: na kullum, na bayan kwana uku, na mako-mako. Wadda ya ci ta matsa gaba, wadda ya faɗi ta dawo gwangwanin farko. Wannan dabarar wani Bajamushen ce kuma, Sebastian Leitner. Sannan ya yi barci, don a barci ƙwaƙwalwa ke daidaita abin da aka zuba mata da rana. Bokitin Ɗan Kurmi a bar wa Ɗan Kurmi.

Gardin Gabas:
Kuma ya samu wanda zai riƙa biya wa. Mutum ba ya kama kuskuren kansa. Hajiya, ko ke ki riƙe littafin ki yi masa tambaya, ba sai kin iya lissafin ba.

Ɗan Kurmi:
Ni dai ina nan a kan bakana: mako guda na kwanan aji ya fi babu. In an wayi gari goran bai fafu ba kuma mota na jira, sai a zauna?

Baba Na-Gona:
A'a, a tafi da shi, a sha ɗacin. Amma wannan yaro yana da wata biyu.

Maman Halifa:
Na miƙa masa wayar ya karanta tun daga sama. Ya ce Mai Tsinin Baki ne kaɗai ya fahimce shi. Na ɗauko littafinsa na bayoloji na yi masa tambaya biyar a babin da ya rantse ya gama tun makon jiya, ya ci biyu. Yanzu haka yana kicin yana neman gwangwanin madara, wai biyu kawai ya gani.