Ga rana har ta yi yawa, amma wutar Nijar sai daga Najeriya

Mai Ƙanƙara, Yamai: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Rana na gasa mu daga Agadas har Gaya, amma firjina ya kwana a kashe, ƙanƙarar sayarwa duk ta narke. Mun manta Agustan 2023, da Najeriya ta katse layin wutar da ke zuwa mana daga Birnin Kebbi bayan juyin mulki? A lokacin, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa. Tashar sola ta Gorou Banda da ke kusa da Yamai megawat 30 ce kacal, ta Malbaza 7. Sai yaushe za mu daina barar wuta?

Badamagare: Bara? Malam, gyara bakinka. NIGELEC, hukumar wutar lantarkinmu, saya take yi da kuɗi. Ba mu taɓa miƙa wa kowa ƙoƙo ba.

Bakatsine: Wanda ya saya bai biya ba fa, me sunansa? Bashi ake bin ku.

Badamagare: Kawo takarda mu gani.

Bakatsine: Kowa ya sani, ba sai da takarda ba.

Hajiya ta Tawa: Ɗana, ruwan da ke juya injinan madatsarku ta Kainji ta ƙasarmu yake ratsawa. Bari a gama madatsarmu ta Kandaji, sannan a san mai bara.

Bakatsine: Hajiya, da girmanki, tun ina firamare nake jin Kandaji.

Mai Haɗa Sola: Ku dawo kan magana. Gorou Banda da rana kawai take ba da wuta. Da magariba, lokacin da kowa ke kunna fanka, sai an koma injin gazuwal. Ga ƙurar hunturu, in ba a wanke farantin sola ba ƙarfinsa raguwa yake. Batir na ajiye wuta zuwa dare ne matsalar, kuma shi ne mai tsada.

Badamagare: Kai talla kake yi. Shi dai ya janye kalmar bara.

Mai Ƙanƙara, Yamai: Wallahi ba cin mutunci nake nufi ba, jarina ne ke narkewa.

Hajiya ta Tawa: Kuma 'yan Najeriya su daina mana gori, su ma a janareta suke kwana.

Bakatsine: Ko a janareta muke, mu muka haska Yamai.

Shugaban zaure, Damagaram: To, a tsaya nan. Abin da ya fito fili shi ne Nijar ba ta bara, saye take yi, kuma wanda ya ce bashi bai kawo hujja ba. Mai Ƙanƙara ya goge kalmar. Batun batir a ɗaga zuwa wani lokaci.