Wane suna za mu ba wa "paranormal romance" da Hausa?

Ummu Jidda: Assalamu alaikum. Ranar Alhamis za mu naɗi shirin sharhin littattafai, kan abin da ya sa irin su Twilight, da ya fito tun 2005, har yau ba su daina shiga ba. Su ne ake kira "paranormal romance", wato labaran soyayyar ɗan Adam da wata halitta irin su mashayin jini (vampire). Suna nake so na Hausa gajere, wanda ba zai sarƙe harshen mai gabatarwa ba.

Malam na Misfala: Soyayyar gaibu.

Ɗan Maiwurno: A'a Malam, gaibu na Allah ne, masu sauraro a Makka za su yi mana ca. Soyayyar aljanu ma ba ta yi ba, da an faɗa hankali zai tafi kan namijin dare da ruƙiyya. A littattafan nan kuwa saurayin shi ake so: ba ya tsufa, yana iya halaka yarinyar amma ya danne kansa. Kuma dole a ƙare suna tare, in ba haka ba ya koma labarin tsoro. Sau da yawa kowane juzu'i da sabbin masoya, amma duniyar ɗaya ce, shi ya sa mai karatu ba ya iya ajiyewa.

Baba Alhaji: Jinsoyayya. Jinnu da soyayya, na haɗe muku.

Yaya Gadarif: Baba, a rediyo "jinsi" kunne zai fara ji, ka san inda zancen zai nufa. Kuma mashayin jini gawa ce da ta tashi, ba jinnu ba ne.

Baba Alhaji: Ku da rabin Hausarku Larabci ne za ku gyara mini? A Kano da tuni an karɓa.

Yaya Gadarif: Jinnun naka fa daga wane harshe ya fito? Kakanninmu da Hausarsu suka taho hanyar hajji da ƙafa.

Malam na Misfala: Ku bar wannan. Soyayyar almara fa?

Ɗan Maiwurno: Ta yi faɗi, har labarin sarakuna da dodanni zai shige ciki. Amma tana zama a baki. Sai dai Hajiya, kada a ce 'yan shan jini, matsafa ke nan a wurinmu. Mai zama kyarkeci kuma a ce mai rikiɗa, yadda ake faɗa wa mai zama kura.

Ummu Jidda: Na ɗauki soyayyar almara, zan yi bayani a farkon shiri.

Baba Alhaji: To, a yi ta wannan makon. Tawa tana nan.