RAV4 ko CR-V a hanyoyin Kebbi: abin da aka tattauna

An tattauna kan wace mota ce ta fi dacewa da hanyoyin jihar Kebbi, Toyota RAV4 ko Honda CR-V. Ga abin da aka ce.

1. Kusan kowa ya yarda inji mai silinda huɗu, mai lita 2.4 ko 2.5, ya wadatar. RAV4 mai injin V6 (silinda shida) ta 2006 zuwa 2012 akwai ƙarfi wajen wuce tirela a hanyar Jega, amma tun cire tallafin fetur a 2023 ba kowa ke iya ciyar da ita ba.

2. An rabu kan mai jan taya huɗu. Masu shiga fadamar Argungu da damina sun ce dole ce, don laka ba ta raga wa mai jan tayoyin gaba kawai. 'Yan cikin Birnin Kebbi sun ce ƙarin mai ne da kuɗin gyara kawai. A ganina kowa ya duba hanyarsa.

3. Don tsimin mai, a riƙa duba iskar taya, a canza filtar iska bayan ƙurar hunturu.